Shayin Samaru bayan shekaru: bitar teburan shayi da rumfunan abinci ga tsohon ɗalibin ABU

Tsohon ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ya koma Zariya, ko taron 'yan aji ya kawo shi, ko neman takardar sakamako, ko kawo ɗansa rajista, abu biyu yake fara nema da ya ajiye jaka: ɗakin da ya kwana a ciki da wurin da ya ci abinci. Ɗakin ba lallai a bar shi ya leƙa ba, domin ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman da Akenzua da Danfodio da Amina da Ribadu duk suna da masu su a yanzu, kuma mai gadi bai san shi ba. Abinci kuwa kuɗinsa ne iznin shiga. Wannan bita ta abincin ce, wato teburan masu shayi, masu tanda da kaskon safe, rumfunan rana, da tukubar yamma a Samaru, unguwar da babbar harabar jami'ar take, da kewayen ƙofofin jami'a.

Hukuncin a taƙaice shi ne teburin mai shayi ya ci tuta, kuma shi kaɗai ne ɗanɗanonsa bai kauce daga abin da harshe ya riƙe ba. Masu masa da ƙosai na biye da shi. Rumfunan rana sai an zaɓa da ido. Sababbin gidajen abinci masu ƙofar gilashi da fanka suna da tsabta da wurin zama, amma shinkafar da ke cikinsu irin ta Kaduna ce da Abuja, ba ita ta sa mutum ya yi doguwar tafiya ba.

Kafin a shiga kwano, akwai rabe-raben da ya kamata a sani, domin tsofaffin ɗalibai kashi biyu ne a maganar abinci. Waɗanda suka yi karatu daga buɗe jami'ar a 1962 zuwa farkon shekarun 1980 sun ci a ɗakin cin abinci na makaranta da tikiti, gwamnati na ɗauke da mafi yawan kuɗin. Ƙarin kobo 50 da aka yi a kuɗin abinci na rana ɗaya na cikin abin da ya tayar da boren ɗalibai na 1978, wanda aka nemi Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kujerar kwamishinan ilimi na tarayya, har aka rasa rayuka a Samaru. Da gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwa a 1984, sai ciki ya koma hannun kasuwa, rumfuna da tebura suka yawaita, risho ya shiga ɗakunan kwana. Saboda haka dattijon da ya gama a 1976 ba zai sami abin da yake tunawa a ko'ina ba, tsarin ne gaba ɗaya ya tafi. Wanda ya gama daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, wanda ya san lissafin sifili-ɗaya-sifili, wato ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana a kansa, shi ne wannan bita za ta fi yi wa amfani.

Lokacin zuwa ya fi komai tasiri a kan abin da za a samu a faranti. Kasuwar abincin Samaru da ɗalibai take numfashi. Idan ana hutu ko yajin aiki, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, rumfuna da yawa rufewa suke, waɗanda suka rage kuma ciniki na tafiyar hawainiya, miyar jiya ta kwana ta sake hawa wuta, burodi ya kwana biyu a kan tebur. Tsakiyar zangon karatu da makonnin jarrabawa su ne daidai, lokacin da tukunya ba ta wuce awa uku ba ta ƙare ba, teburan shayi kuma suna kaiwa tsakar dare saboda masu kwanan karatu. Ta fuskar yanayi, Disamba da Janairu ne watannin shayi, sanyin hunturun Samaru ba wasa ba ne. A damina lungunan Hayin Dogo da Ɗanraka sai da takalmin da ba a jin ƙyashinsa. A watan azumi yawancin rumfunan rana ba sa buɗewa sai la'asar ta yi sanyi.

Hanya ba ta canja ba. Daga Kaduna kimanin kilomita 80 ne zuwa Zariya. A sauka a Kwangila, a hau bas ko Keke mai zuwa Samaru, a wuce Palladan da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, sai babbar ƙofa, gaba kaɗan kuma ƙofar arewa. Tsakanin ƙofofin nan biyu, a tsallaken titin Sakkwato da lungunan da ke gangarawa cikin gari, nan mafi yawan abin da za a yi magana a kai yake. A riƙe katin shaida idan za a shiga cikin makaranta.

Teburin mai shayi dai yana nan da siffarsa: dogon tebur da ledar shimfiɗa, benci biyu ko uku, gwangwanayen madara da Milo da Bournvita an jera su kamar ginin bene, burodi a gefe, kiret ɗin ƙwai a ƙasa. Abin da ya sauya kaɗan ne. Fitilar ƙwai da aci-balbal sun ba fitilar sola wuri, rishon kananzir ya ba ƙaramar tukunyar gas wuri, sannan an manna lambar asusun banki a jikin katako. Amma babbar tukunyar ruwan zafi, a teburan tsofaffin hannu, har yanzu a kan gawayi ko itace take, kuma a nan ake fara gane mai shayin ƙwarai. Ruwansa yana tafasa a hankali da citta da kanumfari, wani ya ƙara masoro ko na'a-na'a, ƙamshin na isa hanci tun kafin a zauna. Idan ruwan ba ya tururi sosai, ko ya yi baƙi ƙirin yana ɗaci, an bar ganye ya daɗe yana dahuwa ne, ko an ƙara ruwa a kan tsohon ganye. Gwajin mai sauƙi ne: a fara neman rabin kofi na ruwan bunu, ba madara. Wanda ruwan bununsa ya yi daɗi, haɗinsa ba zai ba da kunya ba.

Haɗin kauri na gaskiya, a babban kofi, yana cin rabin gwangwanin madarar ruwa, cokali biyu na Milo ko Bournvita, da sukari gwargwadon buƙata. Ga yadda ake yinsa a teburin da ya san aiki: mai shayi ya huda gwangwani a gabanka da bakin wuƙa, huda biyu, ya tsiyaya, ya zuba garin a kai, ya ɗebo ruwan zafi ta rariya, sannan ya ɗaga kofi ɗaya sama da kafaɗarsa ya saki shayin ya zubo kamar igiya cikin ɗayan da ke daidai cinyarsa, sau huɗu ko biyar, ba ɗigo a ƙasa. Wannan fifitar ba don burgewa kaɗai ake yi ba, ita ke narkar da sukari da gari, ta rage zafi zuwa yadda leɓe zai iya, ta kuma tayar da kumfa a sama. Inda ake samun matsala shi ne madara. Tun da kaya suka yi tsada, musamman bayan cire tallafin mai a 2023, wasu teburan sun koma madarar gari ta awo da ake damawa a roba a ajiye. Ba laifi ba ne idan an faɗa, amma ba ta ba da kaurin da ake nema, kuma idan an dama ta tun yamma tana iya juyawa. A ce kai tsaye, "Malam, ta gwangwani za ka buɗe mini," a kuma tambayi kuɗin tun kafin ya huda.

Sukari kuwa sai an tsawatar. Hannun mai shayin Samaru ya saba da cikin ɗan shekara ashirin da zai kwana a aji, cokali uku ko huɗu ba komai ba ne a wurinsa. Mai shekara hamsin da likita ya riga ya ja wa kunne ya faɗi adadi da bakinsa, ya kuma sa ido, domin "kaɗan" a teburin nan cokali biyu ne masu tozo. Milo da Bournvita ma da nasu sukarin suke zuwa.

Indomi da ƙwai ita ce jarrabawa ta biyu, kuma a nan teburan suka fi bambanta. Mai kyau yana sa ruwa kaɗan, daidai wanda taliyar za ta shanye cikin minti uku zuwa huɗu, ya yanka albasa da attaruhu sabbi a kan katako a lokacin, ya soya ƙwai biyu daban da mai cokali ɗaya ko biyu, ya kifa a kai. Taliyar ta fito a warware tana sheƙi. Kurakuran da aka fi gani uku ne kuma kowanne da dalilinsa. Idan ta caɓe, ruwa ya yi yawa ko an haɗa ta mutum uku a kasko ɗaya don sauri. Idan gishiri ya yi kururuwa, an zuba sinadarin cikin leda duka sannan an ƙara dunƙule, a ƙwan ma an sake marmasa wani. Idan ƙwan ya yi duhu yana warin hayaƙi, man ya sha suya tun magariba ba a sauya ba. Duk ana iya kauce musu da magana ɗaya tun farko: a dafa tawa ita kaɗai, kar a ƙara dunƙule, a zuba sabon mai. Ba mai shayin da zai ji haushi, sai dai ya ce, "An gama, Alhaji." Ƙwai dai ba a cika samun tsoho a yankin ba idan makaranta na ci, ciniki na da sauri kuma gidajen kaji na kusa, kazar nan mai ƙwai da ake kira Shika Brown ma a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, can gaba da Samaru, aka samar da ita.

Burodi a matsa shi da yatsa ta cikin leda. Na yau yana dawowa, na shekaranjiya yana marmashewa ko ya tsaya a lotse. Wanda aka buɗe cikinsa aka cusa soyayyen ƙwai aka danna a kasko mai zafi har ya yi ƙyas-ƙyas ya fi wanda aka miƙo haka nan, kuma ko na jiya ne wannan dannawar tana rufa masa asiri.

Masu shirin taron 'yan aji su lura da wani lissafi da ake yawan mantawa. Mai shayi kasko ɗaya ko biyu gare shi. Idan kowane faranti na cin minti biyar, mutum 20 a kasko ɗaya minti 100 ke nan, na farko ya gama ya yi hamma na ƙarshe bai ga nasa ba. Hanyar da ke aiki ita ce a je tun da rana ko jajibiri a yi magana da shi, a ba da kafin alƙalami ya sayo kaya: kiret biyu na ƙwai, tunda kowanne 30 ne kuma mutum 20 za su ci 40, katan ɗaya na ƙaramar indomi mai guda 40, biyu-biyu ke nan, gwangwanin madara goma, burodi manya biyar ko shida. A roƙe shi ya nemo yaro da ƙarin murhu, a kuma zo bayan isha'i da wuri, kafin ƙarfe tara da ɗalibai ke fara cika benci. Kada a mamaye teburin har abokan cinikinsa na kullum su rasa wurin zama; baƙo gobe zai tafi, su ne za su dawo.

Da safe, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe tara, kasuwar masu tanda da kasko ce. Masa mai kyau a Samaru ba ta da wuyar samu, sai dai a san lokacinta. Ƙullun shinkafa da yis kwana yake ya tashi, to a watannin zafi, Maris da Afrilu, yana saurin wuce ƙa'ida, masar ƙarfe tara ta fi ta ƙarfe bakwai tsami nesa ba kusa ba. Mai tandar ƙasa ta fi ba da gefe mai ƙamshi da ciki mai laushi, domin ƙasa na riƙe zafi daidai. Tandar ƙarfe a kan wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar tsakiya da ɗanyen ƙullu. A ɓare ɗaya a duba: idan cikin na da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ta tashi ta kuma nuna. Ƙosai a karɓi wanda aka tsamo yanzu. Wanda ya sha mai ya yi nauyi, an saka shi ne man bai yi zafi ba ko ƙullun bai bugu ba. Kunun tsamiya da koko ba su da abin cewa, ba yabo ba fallasa, sai dai wasu na tsinka su da ruwa idan rana ta fara ɗagawa.

Rumfunan rana su ne inda tsohon ɗalibi ya fi haɗuwa da takaici, ba don sun lalace ba, sai don yunwar da ta sa garau-garau ta zama abincin sarakuna a wancan lokacin yanzu babu ita. Duk da haka akwai bambanci tsakanin rumfa da rumfa. Shinkafa da wake ta ƙwarai, an fara dafa waken shi kaɗai kusan rabin awa kafin a zuba shinkafa, sai su nuna tare kowace ƙwaya a ware. Mai gaggawa tana zuba kanwa da yawa don waken ya yi saurin laushi, abincin ya yi jajaja-jajaja ya dame, a bayan harshe a ji ɗan bauri. Man da za a zuba a kai a shinshina: man gyaɗa na gaskiya da aka soya da albasa yana sanar da kansa. Ɗanwake ma kanwar ce ke kashe shi ko ta raya shi; idan ta yi daidai da kuka yana da santsi da taushi, idan ta zarce ya yi baƙi da ɗaci, idan kuma garin rogo ko fulawa ya rinjayi na wake sai a yi ta tauna kamar roba. A ci shi da zafinsa, wanda ya huce a cikin ruwa ya riga ya mutu.

Wanda zai ci abu ɗaya tak da rana, ya nemi fate. Ba banza Kanawa ke tsokanar Zazzagawa da shi ba, a ƙasar nan aka iya shi. Faten tsaki na kirki yana da tsakin masara da ya nuna bai narke ba, yakuwa da ke ba shi tsami, alayyafo, gauta mai ɗan ɗaci, dakakkiyar gyaɗa da ke ba shi maiƙo, da daddawa. Yana yin kauri idan ya huce, shi ya sa masu sayarwa ke ƙara ruwan zafi da rana ta yi. Na wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa azahar shi ne na asali, na la'asar sau da yawa ruwa ne a sama tsaki a ƙasa. Ba kowace rumfa ke yinsa kullum ba, kuma an fi dacewa a cikin lungunan gari fiye da bakin titi. A tambayi mai shago ko ɗan acaɓa wace Hajiya ce ke fate a unguwar, za a nuna.

Abin dubawa a kowace rumfa kafin a zauna bai wuce uku ba: ruwan wanke kwanuka, ko roba biyu ce ta sabulu da ta ɗauraya ko guda ce da ta yi kalar miya, ko tukwane a rufe suke, da kuma ko akwai layi. Rumfar da ma'aikatan jami'a da direbobi ke cika ta da azahar ta fi wadda ke da sabon fenti ba kowa. Ruwan sha a sayi na leda ko na gora a rufe. Cikin da ya yi shekara ashirin yana shan ruwan gida ba shi ne wanda ya sha na famfon Danfodio ya kwana lafiya ba.

Tukubar yamma ba ta da wani abin da ya keɓanta da Samaru, tsire da balangu ne irin na ko'ina a Arewa. A je tsakanin magariba da isha'i lokacin da zagayen farko ke sauka daga wuta, a nuna tsinken da ake so a gasa a gaban ido. Naman da ya bushe a gefe ya yi duhu an shafe shi da mai yana ƙyalli, na jiya ne. Fura da nono kuwa ta rabu biyu: ta matan Fulani da ƙwarya da ludayi, da ta shaguna da ake markaɗawa a inji da yogot da ƙanƙara. Ta shago ta fi sanyi da santsi, kuma sukarinta ya fi yawa. Ta ƙwarya ita ce ta da, amma a tambaya ko kindirmo ne ko tsala, a kuma lura da ruwan da za a tsinka da shi.

Maganar biya: kusan kowane tebur yanzu na karɓar tura kuɗi ta waya, amma da dare layin banki kan yi nauyi, mutum ya tsaya yana nuna wa mai shayi allon waya ana jiran saƙo. A taho da tsabar kuɗi ƙanana, ko a cira wurin masu POS tun da rana, da sanin za su ɗauki ladansu. Kada a kwatanta farashi da na zamanin karatu a gaban mai sayarwa. Ya ji wannan labarin daga bakin tsofaffin ɗalibai sau ba adadi, kuma kuɗin kiret ɗin ƙwai bai ragu saboda shi ba. Idan aka auna da abin da ake biya a Abuja ko Kaduna, faranti da kofi a Samaru har yanzu kwalliya na biyan kuɗin sabulu.

'Yan Kongo, ɗaya harabar jami'ar, wato masu karatun shari'a da harkar mulki, nasu lissafin daban ne. Harabarsu a cikin gari take, kusa da Tudun Wada da Gyallesu, kasuwar abincin wurin ba da ɗalibai kaɗai ta dogara ba, don haka ko ana hutu ba ta mutuwa kamar ta Samaru. Wanda tafiyarsa ta faɗo a lokacin hutu, gara ya kwana ta wannan ɓangaren ko Sabon Gari ya ci a can, ya hau mota da hantsi ya je Samaru ya zaga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da dandalin yaye ɗalibai, ya dawo kafin magariba.